Me yasa NFL ta canza bugun kikof, kuma da gaske ya rage raunin kai?

Wani ɗan'uwa ne yayi tambaya, yace shi ɗan kallon Firimiya ne amma kwanan nan ya fara leƙa ƙwallon Amurka ta NFL, wannan da ake saka hular kwano ana rungumar ƙwallo a hannu, sai yaga wajen bugun fara wasa 'yan wasan sun jeru sunyi cirko-cirko babu mai motsi har sai ƙwallo ta sauka, alhali a tsofaffin bidiyon da yake gani a YouTube da gudu suke tahowa su yi karo. Yace an ce masa dan kare lafiyar 'yan wasa akayi, toh shin da gaske ne ko kawai wani salon neman kuɗi ne?

Ɗan'uwa gaskiya ne dan lafiya akayi, kuma kuɗin ma yana ciki, duka biyun. Amma abun da nake so ka riƙe shine, sabon tsarin ya rage haɗarin kowane bugu guda ɗaya, sai dai kuma ya ƙara yawan bugun da ake karo a cikinsa sosai, dan haka idan wani yace maka an gama magance matsalar toh bai duba lissafin da kyau ba. Bari in bi maka abun daga tushe tunda kace sabon shiga ne kai.

Filin nasu yadi 100 ne tsawonsa, sannan kowane ƙarshe akwai ƙarin yadi 10 wanda shine gidan ci, idan ka shiga da ƙwallo nan ka ci tachdawun. Kowane ɓangare mutum 11. Kikof ana yinsa a farkon wasa, da bayan hutun rabin lokaci, da kuma duk bayan an ci. A tsohon tsari ɓangaren da zai buga sukan jeru a layi ɗaya, mai bugu ya dako ƙwallon sama can nesa wajen yadi 60 zuwa 70, su kuma sauran goman su kwasa da gudu iya ƙarfinsu suna bin ta, a can kuma akwai wanda zai cafe ya taho da ita da gudu shima, abokansa suna gabansa suna tare masa hanya. Kaga kenan mutum mai nauyin kilo 100 ko 110 ya samu filin gudu na yadi 40 ko 50 babu abun da ya tsare shi, ya kai ƙarshen gudunsa wajen kilomita 30 a awa ko fiye, sannan ya haɗu da wani ƙaton da shima yake tahowa. Mu da muka san karon raguna mun san abun da ake nufi da ja da baya ga rago ba tsoro bane, iya nisan da ya ja da baya iya ƙarfin karon. Kuma a ilimin fiziks ƙarfin baya ƙaruwa daidai da gudun, idan gudu ya ninka biyu ƙarfin karon ninkawa huɗu yake. Wannan shine duk sirrin matsalar kikof, nisa da gudu.

Mutane da yawa suna cewa ai suna da hular kwano. Hular tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, wannan tana yi sosai. Amma ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take a cikin ƙoƙon, idan kai yana tafiya da gudu aka tsayar dashi farat ɗaya ko aka murɗa shi, ƙwaƙwalwar bata tsaya tare dashi ba, sai ta bugi ƙashin ta ciki ta jijjiga, shine abun da likitoci ke kira konkoshon, wato girgizar ƙwaƙwalwa. Babu hular da zata shiga cikin kai ta riƙe ƙwaƙwalwa. Zata iya rage ƙarfin bugun kaɗan, shi yasa ma daga 2024 suka yarda ɗan wasa ya ɗora wani soso mai laushi akan hular a lokacin wasa idan yana so, amma maganin gaske shine kar ayi karon da wannan gudun tun farko.

Kuma ba girgizar ƙwaƙwalwa kaɗai ba harda wuya da laka. A watan Satumba na 2007 wani ɗan wasan Buffalo Bills mai suna Kevin Everett yaje kayar da mai dawo da ƙwallo na Denver Broncos a kikof ɗin bayan hutun rabin lokaci, ya karye a wuya ya faɗi ko motsi baya yi, likitoci ma da farko basu saka ran zai sake tafiya ba, Allah yasa daga baya ya tashi amma wasa ya ƙare masa. A Oktoba 2010 kuma Eric LeGrand na jami'ar Rutgers, a wasansu da makarantar sojoji ta Army, shima a kikof, shi kam ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, a keken guragu yake rayuwa tun daga ranar. Yaro ɗan shekara 20. Kocinsa na lokacin Greg Schiano abun ya taɓa shi har ya kawo shawarar a soke kikof gaba ɗaya a maye shi da wani abu daban, kuma shugaban NFL Roger Goodell da kansa ya taɓa ɗauko wannan shawarar a bainar jama'a a 2012. Kaga tun lokacin maganar kashe bugun tana kan tebur.

Nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma nan ne ɗan Najeriya ya shigo labarin. A 2002 wani likitan binciken gawa a birnin Pittsburgh, Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra, ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan Steelers Mike Webster wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewa da mantuwa, ya gano wata cuta ta lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda a da an fi saninta da 'yan dambe. Ya wallafa a 2005, likitocin NFL suka taso masa har suka nemi a janye binciken. Amma gaskiya bata ɓuya, dubban tsofaffin 'yan wasa suka kai ƙara, a 2013 NFL ta amince zata biya dala miliyan 765, daga baya alƙaliya ta ƙi yarda da wannan iyakar aka cire ta, kuɗin da aka biya yanzu sun wuce dala biliyan ɗaya. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston ƙarƙashin Dakta Ann McKee suka ce cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da suka duba, 110 suna da CTE. Sai dai a yi hattara da wannan adadin, iyalan da suka ga alamun ciwo a jikin mamacinsu sune suka fi bada ƙwaƙwalwar, dan haka ba wai kashi 99 na duk 'yan wasa ke da ita ba. Duk da haka ya girgiza Amurka, iyaye suka fara hana yaransu shiga wasan, kuma kasan kasuwar da iyaye suka daina kawo mata yara ta kama hanyar mutuwa. Toh kaga ko da babu tausayi ko kaɗan a zuciyar masu kulob, dole su motsa.

Da suka duba alƙalumansu sai suka ga kikof ne yafi kowane bugu haɗari. Mark Murphy, shugaban Green Bay Packers a lokacin, wanda yake cikin kwamitin dokoki, ya faɗa a 2018 cewa yiwuwar samun girgizar ƙwaƙwalwa a kikof ta ninka ta wasan yau da kullum sau biyar.

Yanzu ga inda nake ganin sun daɗe suna bin hanyar da bata ɓulle ba. Akwai wata doka da ake kira tachbak, wato idan aka buga ƙwallon ta shiga gidan ci ko ta wuce, mai karɓa zai iya durƙusawa ko ya barta, babu gudu babu karo, kawai a ajiye musu ƙwallo a wani layi su fara. Sai NFL tace toh tunda dawo da ƙwallo ne haɗari, bari mu sa a daina dawowa da ita. Abun mamaki a baya akasin haka sukeyi, a 1974 sun mayar da wurin bugu baya daga layin 40 zuwa 35 (layukan da yadi ake ƙirga su daga gidan cin kowane ɓangare), a 1994 suka ƙara mayarwa 30, duk dan ƙwallo ta kasa kaiwa gidan ci a samu gudu 'yan kallo suji daɗi. A 2009 suka fara juyowa, suka hana mutum uku ko fiye su haɗa kafaɗa su zama katanga a gaban mai gudu, domin a lokacin akwai ɗan wasan da aikinsa kawai shine ya taho da gudu ya fasa wannan katangar da jikinsa, ka ji aiki fisabilillahi. Wannan salon katangar ma tsoho ne, Harvard ta fara shi a wasanta da Yale a 1892 kuma cikin shekara biyu aka hana saboda ɓarnar da yakeyi, amma ya dinga dawowa da wata kama har ƙarni guda.

A 2011 suka dawo da bugun layin 35 kuma suka rage wa masu bi filin ɗaukar gudu zuwa yadi 5. Nan take dawo da ƙwallo ya faɗo daga wajen kashi 80 cikin 100 zuwa kashi 50 da 'yan kai, raunin kai a kikof ya ragu da kusan kashi 40. Amma ka lura, ba wai bugun ya zama mara haɗari bane, kawai an rage yawan yinsa ne. Wanda ya fito da ita har lokacin yana fuskantar karon nan dai. A 2016 suka ƙara wa tachbak daraja daga layin 20 zuwa 25 dan mai karɓa yaji kwaɗayin durƙusawa, sai koci-koci masu wayo suka ce toh ai mu bazamu baku yadi 25 a banza ba, suka koma buga ƙwallon sama sosai ta sauka dab da gidan ci ba tare da ta shiga ba dan dole a fito da ita, su kuma lokacin sun riga sun iso. Wannan darasi ne da ya maimaitu sau da yawa, duk dokar da ka kafa koci zai zauna da lissafi ya nemo ƙofar da ka bari, shi aikinsa cin wasa ne. A 2018 suka hana ɗaukar gudu gaba ɗaya kafin a buga, suka hana katangar ko ta mutum biyu ce, wannan ya taimaka ƙwarai. Sai 2023 suka zo da wadda ta ƙarasa kashe bugun, wai ko ƙwallo bata shiga gidan ci ba zaka iya ɗaga hannu ka cafe a ajiye maka a 25. Koci-kocin da ke kula da bugun kusan duk sun ƙi dokar amma aka wuce da ita.

Sakamakon, a kakar 2023 kashi 22 cikin 100 kacal aka dawo dasu, mafi ƙaranci a tarihin gasar. A wasan ƙarshe na Super Bowl a Las Vegas, Fabrairu 2024, Kansas City Chiefs da San Francisco 49ers, anyi kikof 13 kuma duka 13 babu wanda aka fito dashi. Ka tuna wannan shine bugun da Devin Hester na Chicago Bears ya buɗe Super Bowl na 2007 dashi, ya cafe bugun farko ya tsere yadi 92 ya ci, duniya ta ɗauka. Amma a 2023 bugun ya koma mutum 22 su fito fili, a daki ƙwallo ta wuce, su juya, a saka talla. Wallahi abun ba daɗin kallo, kuma ni a wajena ba gyara bane, gudun matsala ne.

Jami'o'in da ake kira Ivy League ma sun gwada irin wannan a 2016, suka matsar da bugu zuwa layin 40 dan a samu tachbak da yawa, domin sun ga a 2015 kikof kashi 6 ne na wasanninsu amma shi ya kawo kashi 21 na girgizar ƙwaƙwalwa. Binciken da aka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA a 2018 ya nuna raunin ya faɗo daga kusan 11 zuwa 2 a cikin kowane bugu 1,000. Yayi aiki, amma ta hanyar nan dai ta rage yin abun.

Dabarar da kake gani yanzu ba daga NFL ta fito ba. Wata ƙaramar gasa ce mai suna XFL ta fara ta a 2020, wani tsohon ɗan wasan jami'ar Stanford, Sam Schwartzstein, shi ya jagoranci tsara ta. Tunaninsa mai sauƙi ne, yace idan ka kalli tsohon kikof, ka tsayar da bidiyon a daidai lokacin da mai karɓa ya cafe ƙwallo, ka duba inda kowa yake tsaye, toh me zai hana a ajiye su a nan ɗin tun farko a cire wannan dogon gudun da ya kawo su? Annobar korona ta tsayar da gasar bayan sati biyar, amma an ga sama da kashi 90 na bugun ana dawowa dasu kuma babu irin mugun karon nan. Sai wasu koci-kocin NFL, Darren Rizzi na New Orleans Saints da John Fassel na Dallas Cowboys da Richard Hightower na Chicago Bears, suka ɗauko suka gyara, masu kulob suka kaɗa ƙuri'a a Orlando a Maris 2024, 29 suka yarda 3 suka ƙi.

Yanda yake shine, mai bugu yana nan shi kaɗai a layinsu na 35. Abokansa goma kuma an kai su can layin 40 na abokan hamayya. Masu karɓa aƙalla tara suna tsaye tsakanin layinsu na 35 da 30, kaga tsakaninsu da masu bi yadi 5 ne zuwa 10 kawai. A baya akwai mutum ɗaya ko biyu masu jiran ƙwallo a wurin da ake kira yankin sauka, daga layin gidan ci zuwa layin 20. Babu wanda zai motsa cikin waɗannan jerarrun har sai ƙwallo ta taɓa ƙasa ko ta taɓa mutum a yankin saukan, shine cirko-cirkon da ka gani. Idan bugun bai kai yankin ba hukunci ne, a ajiye wa masu karɓa a layin 40. Idan ta sauka a yankin dole a fito da ita, babu ɗaga hannu, ko kuma idan ta gangara gidan ci ka durƙusa da ita a baka layin 20 kawai. Kuma ƙwallon a raye take, a sati na biyu na kakar 2025 wani sabon yaro na Pittsburgh Steelers, Kaleb Johnson, ya barta ta gangara gidan ci ya juya abunsa yana zaton tsohuwar doka ce, ɗan Seattle Seahawks ya faɗa kanta aka basu tachdawun.

Mutumin da ya taso daga tsaye yayi yadi 5 bai kai ko kusa da ƙarshen gudunsa ba. Dan haka haɗuwar ta koma kama da wasan yau da kullum, turereniya da kokawa da hannu, maimakon kai da kai a guje. Har irin mutanen da ake sakawa ya ɗan canza, da masu tsananin gudu marasa tsoro ake nema, yanzu ana buƙatar wanda ya iya kuɓucewa daga riƙo ya kayar.

A kakar farko ta 2024 NFL tace yawan girgizar ƙwaƙwalwa a kowane dawo da ƙwallo ya ragu da kashi 43 idan aka kwatanta da shekaru ukun baya, kuma jimillar duk gasar 182 ce, mafi ƙaranci tunda suka fara wannan ƙidayar a 2015. Tun satin farko DeeJay Dallas na Arizona Cardinals ya tsere yadi 96 ya ci tachdawun a wasansu da Buffalo. Amma dawowar kashi 33 kawai ta kai, saboda a shekarar tachbak layin 30 ne, koci-koci suka lissafa suka ga idan sun bari an fito da ita ma kusan nan wajen 28 zuwa 30 ake kaiwa, ga kuma haɗarin a tsere musu gaba ɗaya, toh gara su daka ta gidan ci su bada 30 ɗin su huta. Kaga ƙofar nan da nace. Sai a 2025 aka tabbatar da dokar dindindin aka mayar da tachbak layin 35, yanzu bada shi ya zama asara ta gaske, nan take dawowa ta haura kashi 70 cikin 100, abun da aka yi shekaru goma sha ba a gani ba. Masu bugu kuma suka shiga sabuwar dabara, suna buga ta a karkace tana lilo a iska ta faɗi ƙasa tana tsalle dan ta wahalar da mai cafewa, tunda da ta taɓa ƙasa an saki masu bi.

Toh nan ne nake so ka buɗe ido. Lissafi biyu ne kuma NFL tafi son faɗar ɗaya. Na farko shine cikin kowane dawowa 100 nawa ne ke kawo rauni, wannan NFL tace ya sauka idan aka kwatanta da tsohon tsari. Na biyu shine a ƙarshen shekara mutum nawa aka fitar daga fili da girgizar ƙwaƙwalwa a kikof. Idan ka rage haɗarin kowane bugu da rabi amma ka ninka yawan bugun sau uku, adadin mutanen da suka ji ciwo ƙaruwa zaiyi, lissafin firamare ne. Kuma hakan ce ta faru a 2025, da dawowa ta ƙaru da sama da dubu ɗaya a kaka guda, adadin masu girgizar ƙwaƙwalwa a kikof ya haura sosai akan na 2024. Idan lafiya kaɗai ake nema tsagwaronta, tsarin 2023 da kowa ke zagi ko ma soke bugun gaba ɗaya shi yafi. NFL ta zaɓi ta dawo da armashin wasan akan farashin da take ganin za'a iya ɗauka. Ni ina ganin zaɓin yana da hujja, domin wasan gaba ɗayansa karo ne, idan ka kawo kikof kusa da haɗarin sauran wasan toh babu dalilin ware shi a kashe. Amma a faɗa wa mutane haka ƙarara, kar a ce musu an yi ne dan lafiya kawai.

Abun da yafi damuna shine su waye ke biyan wannan farashin. Ba zaka ga manyan taurari a kikof ba, mai jefa ƙwallo irin Dak Prescott da ke karɓar dala miliyan 60 a shekara ko kusa ba'a kai shi. Waɗanda ake turawa sune na ƙarshen jerin mutum 53 na kulob, sababbin yara da waɗanda ba'a zaɓa ba a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara, masu karɓar mafi ƙarancin albashi, dala 840,000 ga sabon shiga a 2025. Kuɗi ne masu yawa a idonmu amma matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da ɗoriya, kuma yawancin kwantiraginsu babu garanti, yau kana nan gobe an sallame ka. Irin wannan yaron idan kansa ya bugu yana ganin biyu-biyu, zai ɓoye ne idan zai iya, domin yasan akwai wani a bayansa yana jiran rigar. Shi yasa nake ɗaukar duk alƙaluman raunin kai da taka tsantsan, abun da aka gano ne ake ƙirgawa, duk da yanzu akwai likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa a gefen fili da masu kallo daga sama da zasu iya tsayar da wasa. A ɗaya ɓangaren kuma, su waɗannan yaran kikof shine abincinsu. Da an soke shi da yawansu basu da wurin zama a kulob. Ɗan wasa irin Kene Nwangwu, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da dawo da kikof yayi suna a Minnesota Vikings, haka Cordarrelle Patterson mai riƙe da tarihin cin tachdawun 9 ta kikof. Dan haka idan ka tambayi su kansu, yawancinsu sabon tsarin suke so akan bugun da ya mutu.

Akwai kuma abun da aka rasa wanda masu ƙorafi suna da gaskiya akai, wato onsaid kik na bazata. Wannan shine ka buga ƙwallon gajere yadi 10 dan ku sake ƙwato ta. New Orleans Saints sunyi shi a farkon zagaye na biyu na Super Bowl ɗin Fabrairu 2010 akan Indianapolis Colts, babu wanda ya zata, kuma shi ya juya wasan suka ɗauki kofi. Yanzu tunda 'yan wasanka suna can gaba ba zai yiwu ba sai ka sanar da alƙalin wasa a koma tsohuwar jeruwa. A 2024 sai a kashi na huɗu na wasa kuma sai kana baya a ci, a 2025 aka sassauta ya zama ko yaushe in dai ana cinka. Dama tun 2018 da aka hana ɗaukar gudu nasararsa ta faɗo daga kusan ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma, yanzu kuma ga sanarwa. Shugaba Donald Trump ma ya sha sukar sabon kikof ɗin a shafinsa yana cewa ya ɓata wasan kuma bai rage haɗari ba. Maganar rashin kyan gani ra'ayi ne kowa da nasa, amma maganar cewa mutum ya taso daga yadi 5 daidai yake da wanda ya kwaso gudun yadi 40, wannan kam ba haka bane.

Sannan kar ka ɗauka gyaran kikof ya taɓa matsalar CTE sosai. Abun da bincike ke nunawa shine ba manyan bugun da ake gani a talabijin kaɗai ke kawo ta ba, harda ƙananan bugun da ake tarawa shekara da shekaru, irin na ƙattan da ke layin gaba suna haɗa kai a kowane wasa sau 60 ko 70, tun daga sakandare. Kikof yawanci wajen sau goma ne kawai a wasa guda. Kuma har yanzu ba'a iya tabbatar da cutar sai bayan mutum ya mutu an duba ƙwaƙwalwarsa, dan haka amfanin dokar 2024 ga waɗannan yaran sai nan da shekara 20 ko 30 za'a san shi da gaske. Ko ƙwallon da kake kallo ta Firimiya bata tsira ba, shi yasa aka kawo canjin ɗan wasa na musamman idan an bugu a kai, kuma hukumar ƙwallon Ingila ta fara hana ƙananan yara saka kai a ƙwallo da gangan.

Idan zaka cigaba da kallo, wanda yafi kowa shiga haɗari a sabon tsarin shine mai dawo da ƙwallon da wanda zai kayar dashi, domin shi mai dawowar har yanzu yana samun yadi 15 zuwa 20 na ɗaukar gudu kafin ya iso cunkoson, a nan ne ragowar mugun karon yake, sai kuma mai bugu wanda yanzu yakan zama mutum na ƙarshe da zai tare wanda ya ɓulle alhali ba aikinsa bane, har Kansas City sun taɓa gwada saka ɗan bayansu Justin Reid ya dinga buga musu dan su kare mai bugunsu Harrison Butker. Nan nake sa ran gyara na gaba zai taɓa, ko a canza jeruwar masu tarewa ko a ƙara tsananta hukuncin sunkuyar da kai wajen kayarwa, domin kwamitin dokokin duk ƙarshen kaka yake zama da bidiyon kowane rauni ɗaya bayan ɗaya kafin taron masu kulob na watan Maris.